Karyewar Gautsi a Kayan Aikin Injiniya: Yadda Ƙarfe Mai Ƙarfi kan Dare ba tare da Gargaɗi ba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wani nau'in karyewa da injiniyoyi suka fi shakka, wato wanda abu kan rabu biyu farat ɗaya ba tare da ya lanƙwashe ko ya miƙe ba, kuma sau da yawa a ƙarƙashin nauyin da bai kai wanda aka ƙera shi domin ɗauka ba. An kira wannan nau'i da sunan "karyewar gautsi". An bi diddigin yadda aka gano musabbabinsa, tun daga gwaje-gwajen gilashi a Ingila zuwa jiragen ruwan Amurka da suka tsage a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Maƙalar ta nuna cewa gautsi a ƙarfe ba ɗabi'a ce zaunanniya ba, hali ne da ƙarfe kan shiga idan wasu sharuɗɗa suka haɗu, kuma ƙarfin abu ba ya zama lamunin juriyarsa. Haka kuma an gabatar da kalmomin Hausa da za su iya ɗaukar waɗannan ma'anoni.

Fitilun Kalmomi: gautsi, miƙuwa, takura, tsaga, juriya

1.0 Gabatarwa

A daren 16 ga Janairun 1943, wani sabon jirgin ruwan dakon mai mai suna Schenectady yana ɗaure a bakin tashar da aka ƙera shi a birnin Portland na Amurka. Bai daɗe da dawowa daga gwajin tafiya ba. Babu guguwa, babu igiyar ruwa, babu abin da ya buge shi. Sai aka ji wata ƙara mai ƙarfi wadda ta kai nesa da tashar. Ko da aka duba, sai aka tarar jirgin, wanda tsawonsa ya kusa mita 160, ya tsage tun daga doronsa, tsagar ta gangara ta gefe biyu, har sai da ya rage ƙarfen ƙasansa kawai ke riƙe da shi. Tsakiyarsa ta ɗago sama, goshinsa da bayansa suka nutse. Sanyin ruwan a wannan dare bai wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyos ba, iska kuwa ta sauka ƙasa da sifili.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, nauyin da ke kan ƙarfen a wannan lokaci bai kai ko kusa da iyakar da aka lissafa masa ba. Ƙarfen kuma ya cika ƙa'idar ƙarfi ta zamaninsa. Ke nan tambayar ba ta tsaya ga yawan nauyin da abu zai iya ɗauka ba. Akwai wata tambaya ta daban, wadda ita ce jigon wannan maƙala: idan akwai 'yar tsaga a jikin abu, me ke hana ta tafiya, kuma me ke sakin ta?

2.0 Batun Kalmomi

Hausa tana da yalwar aikatau na rabuwar abu. Sanda takan karye, tulu yakan fashe, igiya takan tsinke, zane yakan yage ko ya kece, itace yakan dare, bango yakan tsage. Duk waɗannan suna cikin aji na 4 a rabon aikatau na Parsons. Idan aka lura, za a ga harshen ya raba su ne bisa siffar abin da ya rabu: dogo ne, ko mai rami, ko siriri, ko shimfiɗaɗɗe. Injiniya kuwa ba siffar ce ta dame shi ba. Abin da yake tambaya shi ne, me ya faru kafin rabuwar? Shin abin ya sauya siffa tukuna, ko kuwa ya rabu yana yadda yake?

A nan aji na 7 ya fi amfani, domin shi ke nuna yiwuwar aiki a kan abu. Idan aka ce waya tana lanƙwasuwa, ko tana miƙuwa, an faɗi abin da injiniya ke nufi. Saboda haka a wannan maƙala, "karyewar miƙuwa" ita ce wadda abu kan miƙe, ya sirance, ya sauya siffa ta dindindin kafin ya rabu, kamar wayar jan ƙarfe da aka ja har ta tsinke. An guje wa kalmar "danƙo" da gangan, domin ta fi dacewa da roba, wadda ke komawa yadda take idan an sake ta. "Karyewar gautsi" kuwa ita ce ta tangaran da gilashi da alli, waɗanda idan aka haɗa gutsattsarinsu za su zauna daram kamar ba abin da ya taɓa su.

Akwai kalmomi uku da ake cakuɗawa a maganar yau da kullum, amma ya wajaba a raba su a nan. Tauri shi ne ƙin karcewa ko lotsawa. Ƙarfi shi ne yawan nauyin da abu zai ɗauka kafin ya gaza. Juriya kuwa ita ce yawan makamashin da abu zai shanye kafin tsaga ta ratsa shi. Gilashi ya fi jan ƙarfe tauri nesa ba kusa ba, amma a fagen juriya ba a ma haɗa su.

Kalma ta ƙarshe ita ce "takura", wadda aka zaɓa domin nuna rabon nauyi a kan faɗin abin da ke ɗauke da shi. Takura iri biyu ce ta fi shafar wannan bayani: ta ja da ta matsi. Ana auna ta da megafaskal, kuma megafaskal 1 ya yi daidai da kimanin nauyin kilo 10 a kan fili mai santimita 1 tsawo da faɗi. Alal misali, rodi mai kaurin milimita 12 wanda aka ƙera kan ƙa'idar megafaskal 460 zai ɗauki ja na kimanin tan 5 kafin ya fara miƙewa.

3.0 Tsaga da Tsininta

Mai sayar da yadi a kasuwa ba ya yanka ƙyalle da almakashi tun daga wannan baki har wancan. Yakan ɗan tsaga bakin kawai, sannan ya ja da hannu biyu, sai yadin ya kece sumul. Da zai ja ba tare da ya tsaga ba, da sai ya sha wahala. Haka mai rake yake zagaya kara da wuƙa kafin ya karya. Ƙarfin hannu bai ƙaru ba, wurin da ƙarfin ya taru ne ya sauya.

A 1913, wani injiniya ɗan Ingila mai suna Charles Inglis ya lissafa wannan taruwa. Tun kafin shi an san cewa huda mai da'ira a jikin faffaɗan ƙarfe tana ninka takura sau 3 a gefenta. Inglis ya nuna cewa idan hudar ta zama doguwa kuma siririya, ninkin yana ƙaruwa gwargwadon tsawonta da kaifin tsininta. Bisa lissafinsa, tsaga mai zurfin milimita 1, wadda lanƙwasar tsininta ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, za ta ninka takura fiye da sau 60 a daidai tsinin. Wato ƙarfen da ake ganin yana ɗauke da nauyi kaɗan, akwai wani ɗigo a cikinsa da ke ɗauke da ninkin-ba-ninkin wannan nauyi.

Sai dai lissafin ya zo da matsala. Idan aka bi shi har ƙarshe, duk tsaga mai matuƙar kaifi, doguwa ce ko gajeriya, ya kamata ta raba abu komai ƙanƙantar nauyi. Amma ido yana ganin akasin haka, domin ƙananan tsagogi sukan zauna shekara da shekaru ba su motsa ba.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Alan Arnold Griffith, injiniya a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough, a wani aiki da ya gabatar a 1920 aka buga a 1921. Abin da ya fara jan hankalinsa shi ne tazarar da ke tsakanin lissafi da zahiri. Idan aka yi la'akari da ƙarfin da ke ɗaure ƙwayoyin zarra da juna, gilashi ya kamata ya jure dubban megafaskal, amma gilashin da ake amfani da shi kan karye a kusan 100, ko ƙasa da haka. Griffith ya ja gilashi ya mayar da shi zaruruwa, sai ya ga duk yadda zaren ya ƙara sirancewa, sai ƙarfinsa ya ƙaru. Ya fassara haka da cewa siririn zare ba shi da wurin da babbar tsaga za ta ɓuya. Daga nan ya sa wa kwalaben gilashi tsagogi masu tsawon da ya sani, ya hura su har suka fashe, ya auna.

Bayanin da ya fitar ya ginu ne kan makamashi, kuma ana iya kwatanta shi da ciniki. Abin da aka ja yana tare da makamashi a cikinsa, kamar bakan da aka ɗana. Idan tsaga ta matsa gaba, sashen da ke gefenta yakan saki, ya ba da makamashin da yake riƙe da shi. Wannan ita ce riba. Amma buɗe sabuwar fuska a cikin abu yana cin makamashi, domin sai an tsinka ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. Wannan shi ne kuɗin kashewa. Kuɗin kashewa bai sauyawa: kowane milimita da tsaga ta ƙara, farashinsa ɗaya. Riba kuwa tana hauhawa, domin doguwar tsaga tana sakin fili mafi faɗi fiye da gajeriya. Muddin tsaga gajeriya ce, ribar ba ta biyan kuɗin, sai ta tsaya. Da zarar ta kai wani tsawo, ribar ta zarce kuɗin, kuma kowane taki da ta ƙara yana ƙara mata riba. Daga nan ba ta bukatar a ƙara nauyi ko kaɗan. A ƙarfe da gilashi, irin wannan tsaga tana iya gudun fiye da kilomita 1 a sakan guda, wanda ya ninka gudun sauti a iska. Wannan ne ya sa wanda ke tsaye a wurin ba ya ganin tafiyarta, ƙararta kawai yake ji.

Ana kiran wannan tsawo "tsawon haɗari". Alaƙarsa da takura ba ta ɗaya-da-ɗaya ba ce. Idan tsawon tsaga ya ninka sau 4, ƙarfin abu yakan ragu da rabi. Idan kuma aka ninka takura sau 2, tsagar da abu zai iya zama da ita takan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Wani abin lura shi ne, duk wannan magana ta takurar ja ce. Matsi rufe bakin tsaga yake yi. Shi ya sa kankare ke jure matsi kimanin sau 10 fiye da ja, kuma shi ya sa ake sa masa rodi a inda ja zai faɗa. Maginan Hausa sun daɗe da sanin wannan a aikace. Tubali yana zaune lafiya a bango inda nauyi danna shi yake yi, amma a rufin soro da bakan gizo, azara ce ke ɗaukar lanƙwasa, ƙasa kuwa rufi ce. Ciyawar da ake cuɗawa da ƙasar gini ita ma aikinta shi ne ta ratsa bakin tsaga ta riƙe gefe biyu.

3.1 Daga Gilashi zuwa Ƙarfe

Lissafin Griffith ya dace da gilashi, amma da aka gwada shi kan ƙarfe sai ya faɗi ƙasa warwas, domin ƙarfe yana jure tsagogin da suka ninka abin da lissafin ya yarda da shi. A ƙarshen shekarun 1940, George Irwin a Amurka da Egon Orowan a Ingila, kowa a nasa ɓangare, suka nuna dalili. A tsinin tsagar ƙarfe akwai wani ɗan yanki da ke miƙewa kafin ya rabu. Wannan miƙewa tana dakusar da tsinin, kuma tana cin makamashi wanda ya ninka na buɗe sabuwar fuska sau ɗaruruwa ko dubbai. Wato a ƙarfe, kusan duk kuɗin da tsaga ke biya na miƙewa ne.

A 1957 Irwin ya dunƙule lamarin cikin adadi guda, wanda ake rubutawa K = σ√(πa), inda σ ke nufin takura, a kuma tsawon tsaga, tare da ɗan gyara gwargwadon siffar abu. Kowane abu yana da iyakar K da zai iya jurewa, kuma wannan iyaka ita ce "juriyar tsaga". A ma'aunin da aka saba, gilashi bai kai 1 ba, gaurayen alminiyom suna tsakanin 20 da 45, ƙarfen gini mai kyau kuwa yana iya wuce 100.

Misali da alƙaluma zai fayyace nauyin wannan batu. A ɗauka ƙarfe yana da juriyar 100, kuma yana ɗauke da takurar megafaskal 200. Tsawon haɗarinsa zai kai kimanin santimita 8, tsagar da mai duba zai gani da ido tun kafin ta kai haka. Idan juriyar wannan ƙarfe ta faɗi zuwa 30, nauyin kuma bai sauya ba, tsawon haɗarin zai koma kimanin milimita 7. Irin wannan tsaga tana iya ɓuya a ƙarƙashin fenti ko cikin walda. Abin tambaya a nan shi ne, me zai sa juriyar ƙarfe ɗaya ta faɗi haka?

4.0 Gautsi a Matsayin Hali

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban da darasin tarbiyya, karin maganar yana ɗauke da wata lura ta zahiri: reshe ɗaya ne, jiya yana tanƙwaruwa, yau yana karyewa. Alewa ma haka take, da zafinta ana jan ta, idan ta huce sai a fasa. Dalilan da ke aiki a itace da alewa sun bambanta da na ƙarfe, amma sun isa su nuna cewa gautsi na iya zama hali mai zuwa ya wuce.

Ƙwayoyin zarra a ƙarfe suna jere ne sahu-sahu. Miƙewar ƙarfe tana faruwa ne idan wani sahu ya zame a kan wani. Ba gaba ɗaya sahun ke zamewa a lokaci guda ba, domin hakan zai bukaci ƙarfi mai yawan gaske. Akwai giɓi a cikin jerin, kuma giɓin ne ke tafiya, kamar yadda ake cike gurbi a sahun salla: kowa ya matsa taki ɗaya, har gurbin ya isa ƙarshen sahu. Muddin waɗannan giɓoɓi suna tafiya cikin sauƙi, ƙarfe zai miƙe a tsinin tsaga ya dakusar da ita. Idan suka cije, takura za ta taru har ta kai matsayin da za ta raba sahu daga sahu kai tsaye, kamar yadda ake dare itace a kan jijiyarsa.

A jan ƙarfe da alminiyom, tsarin jerin yana barin giɓoɓin su yi tafiya ko da cikin tsananin sanyi. A baƙin ƙarfe da galibin ƙarafan gini kuwa, tafiyarsu tana bukatar taimakon zafi. Idan zafi ya ragu zuwa wani mataki, juriya takan faɗi cikin 'yan digirori kaɗan. Wannan mataki shi ne "zafin juyi". Abin da ya sa lamarin ke da haɗari shi ne, ƙarfin ƙarfen ba ya raguwa a sanyi, ƙaruwa ma yake ɗan yi. Wanda ya auna ƙarfi kawai ba zai ga alamar komai ba.

Gwajin da ke bayyana wannan juyi shi ne wanda Bafaranshe Georges Charpy ya gabatar a 1901. Ana yanko ɗan ƙarfe mai tsawon milimita 55 da kaurin 10 ta kowane gefe, a yi masa tsaga mai zurfin milimita 2 a tsakiya, sannan a saki guduma mai lilo ta buge shi ta baya. Tsayin da gudumar ta kai bayan ta karya shi yana nuna makamashin da ya shanye. Idan aka maimaita gwajin a zafi daban-daban, sai juyin ya fito fili. A ƙa'idar Turai ta ƙarafan gini, ana neman ƙarfe ya shanye aƙalla jul 27, kuma ana raba darajojinsa bisa zafin da ya cika wannan sharaɗi: digiri 20, ko sifili, ko 20 ƙasa da sifili.

Ba sanyi kaɗai ke tura ƙarfe zuwa gautsi ba. Bugu na farat ɗaya ba ya ba giɓoɓin lokacin tafiya. Kauri ma yana da nasa tasiri wanda ya saɓa wa hankalin farko, domin a tsakiyar ƙarfe mai kauri, sassan da ke kewaye suna hana wurin miƙewa, sai ya fi siririn falle saurin darewa. Sannan akwai abin da aka haɗa ƙarfen da shi: yawan kabon da fosfaras yana ɗaga zafin juyi, manganis da nikel suna sauke shi, haka ma ƙanƙantar tsabar ƙarfe.

5.0 Jiragen Liberty

Tsakanin 1941 da 1945, Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya 2,710 masu suna Liberty a tashoshi 18. Domin sauri, an haɗa su da walda a maimakon ƙusoshin da ake ɗinke falle da falle da su a da. Saurin ya samu, har aka taɓa harhaɗa jirgi ɗaya aka saukar da shi ruwa cikin ƙasa da kwana 5 a 1942. Amma a cikin jiragen walda na wannan zamani an samu manyan tsagogi kusan 1,500, wasu jiragen kuma suka rabu biyu. Ɗaya daga cikinsu shi ne John P. Gaines, wanda ya karye a tekun Alaska ranar 24 ga Nuwamban 1943, aka yi asarar rayuka.

Zargin farko ya faɗa kan masu walda, waɗanda da yawansu sababbin hannu ne. Zargin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, domin an samu walda mai aibi, kuma daga nan tsagogi da dama suka tashi. Amma Constance Tipper, masaniyar ƙarafa a Jami'ar Kambirij, ta nuna cewa aibin walda yana bayanin inda tsaga ta fara ne kawai, ba ya bayanin dalilin da ya sa ta ratsa lafiyayyen falle mita bayan mita. Ƙarfen ne da kansa yake da zafin juyi mai tsawo, ta yadda ruwan arewacin Atlantika ya isa ya mayar da shi gaggautsa. Ana iya cewa hukuncinta ya fi na farko adalci, domin ya ɗauke laifi daga kan leburan da ya fi kowa rauni ya mayar da shi kan ƙa'idar da ba ta tanadi gwajin juriya ba.

Zanen jiragen ma ya taimaka. Ƙofofin rumbunan kaya suna da kusurwa mai kaifi, kuma kaso mai yawa na tsagogin daga nan suka tashi, kamar yadda lissafin Inglis ya nuna tun shekara 30 kafin haka. Har ila yau, a jirgin ƙusoshi tsaga takan tsaya idan ta isa bakin falle, amma walda ta mayar da jirgi gaba ɗaya falle guda. Gyaran da aka yi ya bi waɗannan dalilai: aka lanƙwasa kusurwoyin aka ƙarfafa su, aka kuma sa faifan ƙarfe masu ƙusoshi a wurare na musamman domin su tare tsaga. Shi kansa Schenectady an gyara shi ya koma aiki a cikin shekarar.

6.0 Gadar Silver

Ranar 15 ga Disamban 1967, gadar Silver da ke kan kogin Ohio a Amurka ta rufta da motoci a kanta, mutum 46 suka rasu. Gadar tana rataye ne da sarƙar dogayen ƙarafa da aka zaɓa saboda ƙarfinsu, kuma saboda wannan ƙarfi aka wadatu da biyu kacal a kowace gaɓa. Tsatsa da takura sun haifar da tsaga a cikin idon ɗaya daga cikinsu, wadda zurfinta bai wuce milimita 3 ba, a wurin da ido ba ya kaiwa sai an kwance gaɓar. Ranar akwai sanyi. Da wannan ƙarfe ya dare, na biyun ya kasa riƙewa. Ƙarfin ƙarfen ne ya ba da damar a ɗora masa takura mai yawa, takurar kuma ita ta gajarta tsawon haɗari.

7.0 Lamarin a Ƙasa Mai Zafi

Ana iya zaton wannan matsala ta ƙasashen ƙanƙara ce. Gaskiya ne sanyin hunturu a Kano ko Zinder bai kai na tekun Alaska ba, amma zaton bai tsaya da ƙafafunsa ba, saboda dalilai biyu.

Na farko, masana'anta kan ƙirƙiri nata sanyi. Iskar gas da ake narkarwa domin fitarwa waje, kamar yadda ake yi a Bonny, tana kaiwa digiri 162 ƙasa da sifili, shi ya sa ake ƙera tankunanta da ƙarfe na musamman, kamar mai kashi 9 cikin 100 na nikel. A Longford ta ƙasar Ostareliya, ranar 25 ga Satumban 1998, famfon da ke kai mai mai zafi cikin wata na'ura ya tsaya, na'urar ta yi sanyi har digiri 48 ƙasa da sifili. Da aka dawo da man mai zafi sai ta fashe. Mutum 2 suka rasu, 8 suka ji rauni, jihar Victoria ta yi kimanin mako biyu babu gas.

Na biyu ya fi kusa da rayuwar yau da kullum, kuma maƙeri ya san shi. Idan aka gasa ƙarfe mai yawan kabon, irin sifirin mota da maƙera ke sarrafawa, aka tsoma shi cikin ruwa da jansa, yakan yi tauri matuƙa, amma idan ya faɗi a kan dutse yana iya ɓallewa. Sai an sake ɗumama shi a hankali kafin ya samu juriya. Abin da mai walda ba koyaushe yake lura da shi ba shi ne, walda a kan irin wannan ƙarfe tana yin aikin tsomawar nan da kanta. Sanyayyen ƙarfen da ke kewaye yakan zuƙe zafin da sauri, ya bar wani siririn yanki mai gautsi a gefen waldar. Idan kuma sandar walda ta sha damshi, iskar haidurojin takan shiga wurin, tsaga ta bayyana bayan sa'o'i ko kwanaki, lokacin da aka riga aka biya kuɗin aiki. Maganin sananne ne: a ɗumama ƙarfen kafin walda, a busar da sandunan, a bar aikin ya huce a hankali, kada a watsa masa ruwa.

A wajen gini, abin da ke cikin haɗari shi ne gargaɗi. Injiniya yakan tsara bim ɗin kankare ta yadda idan nauyi ya yi yawa, rodi ne zai fara miƙewa, bim ɗin ya lotsa, tsagogi su buɗe, mutane su gani su fita. Dukkan wannan tsari ya dogara ne kan rodin ya kasance mai miƙuwa. Rodin da kabon ya yi wa yawa yana iya cin gwajin ƙarfi, har ya zarce ƙa'ida, amma ya rasa wannan siffa. Shi ya sa ƙa'idojin rodi suka haɗa da gwajin lanƙwasawa, kuma shi ya sa rodin da ya ɓalle a hannun mai lanƙwasa shi a wurin aiki ya cancanci a kai sauransa ɗakin gwaji kafin a zuba kankare.

Fuskar karayar da kanta tana ba da labari. Ƙarfen da ya miƙe kafin ya rabu yakan sirance a wurin, fuskarsa ta yi toka-toka, marar sheƙi. Wanda ya yi karyewar gautsi kuwa kaurinsa yana nan yadda yake, fuskarsa tana ƙyalli kamar an fasa dunƙulen gishiri. A faffaɗan ƙarfe akan ga layuka masu siffar kan kibiya, kuma tsininsu yana nuni ne baya, zuwa inda tsagar ta taso. Mai bincike yakan bi su har ya isa ga tushen, inda sau da yawa yakan tarar da ɗan tabo mai tsatsa, shaidar cewa tsagar ta daɗe a wurin. Saboda waɗannan alamomi ne ake hana wanda ya tsinci gutsattsarin biyu ya sake haɗa su baki da baki, ko ya goge su, domin gogayya kaɗan ta isa ta shafe layukan.